Kwalin Taliya Ba Ya Raba Yaro Da Tamowa



Yau ba maganar wane ya sauya sheƙa ko wane ya zagi wane a rediyo na zo da ita ba. Na san irin wannan rubutun ba ya samun sharhi ɗari biyar kamar na rigima, amma don Allah ku daure ku kai ƙarshe, domin magana ce da ta shafi tukunyar gidan kowannenmu.

Kwanakin baya na je taron mazaɓa a wani ƙauye. An yi jawabai, an yi kirari, daga ƙarshe aka fito da kwalayen taliya da sabulu aka ce mata su hau layi. A layin na hangi wata baiwar Allah da na sani sarai, tana cikin waɗanda suka fi kowa shan rana lokacin kamfe, gida-gida ta bi tana nema mana ƙuri'a. Tana goye da yaro. Na ce, "Yaya, wannan angon wata nawa ke nan, takwas?" Ta yi dariya ta ce, "Haba Malam, ai da Sallar nan zai cika biyu." Shekara biyu fa. Gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, hannunsa bai fi kaurin babban yatsana biyu ba, ko kukan kirki ba ya iya yi. Na tambaye ta abin da yake ci, ta ce koko da safe, koko da rana, da dare a ɗan shafa masa tuwo. Ta karɓi taliyarta guda biyu, ta rangaɗa guɗa, ta tafi. Wallahi har na isa gida guɗar nan ba ta bar kunnena ba.

Wannan yaron ba shi kaɗai ba ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda rashin abinci mai gina jiki. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne. A Kebbi da Jigawa da Katsina abin ya haura kashi 60. Ka tsaya a ƙofar gida ka ƙirga yara goma, shida daga ciki ke nan. Binciken da aka sake yi a 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna adadin ƙasa baki ɗaya ya hau zuwa kashi 40. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci masu ba da agaji ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida kacal saboda tamowa. Waɗannan su ne waɗanda aka iya kaiwa asibiti. Wanda ya cika a ƙauye aka yi masa sutura kafin la'asar, ba ya cikin lissafin kowa.

Abin da ya sa na ce maganar ta shafe mu 'yan siyasa kai tsaye shi ne wannan. Babu ɗan takarar da ba ya hawa mumbari ya yi alƙawarin ilimi. Za mu gina aji, za mu ba da tallafin karatu, za mu fitar da likitoci da injiniyoyi. To amma likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa ƙwaƙwalwar yaro tana yin mafi yawan gininta ne a kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikarsa shekara biyu. Abin da ya rasa a wannan tsakanin da wuya a maye masa shi daga baya. Yaron da ya tsumbure yana shiga aji ɗaya ne an riga an ci shi da rabin wasa. Ka gina masa bene mai hawa uku, ka sa masa fanka, kan da zai ɗauki karatun tun yana goye aka tauye shi. Tun ran gini tun ran zane.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: "Malam, talauci ne, wa ya ƙi cin mai kyau?" Gaskiya ne, kuma ba zan yi musu ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato manomi ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya 'yan bindiga, wani ma ya bar garin dungurungum. Wanda aka kora daga gonarsa ba lacca yake buƙata ba, tsaro yake buƙata da abin sawa a baki yau ɗin nan. Wannan haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma ba za mu daina faɗa ba ko wace jam'iyya ce a kan kujera.

Sai dai ku amsa mini wannan. Me ya sa ake samun tamowa a gidan da rumbunsa ke cike da gero? Me ya sa ƙauyen da ke loda wa manyan motoci wake da gyaɗa da waken suya zuwa Dawanau, shi ne kuma yake loda yara zuwa cibiyar tamowa? A nan za ka gane cewa bayan rashin kuɗi akwai wasu ramuka biyu da muke faɗawa. Na farko, ba mu san yadda ake haɗa abin da muke da shi ba. Na biyu, abin da Allah Ya ba mu da yawa a wata uku, ba ma iya ajiye shi ya kai mu sauran wata taran.

Mu fara da na farko. A wurinmu in ciki ya cika an ci abinci. Koko da tuwo da shinkafa da taliya duk gida ɗaya suke, ƙarfi suke bayarwa. Masu gina jiki su ne wake, waken suya, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono da nama. Masu kare jiki daga cuta kuma su ne ganye da kayan marmari, irin zogale, rama, alayyafo, kabewa, karas, gwanda da mangwaro. Cikin yaro ƙarami ne, in ka cika shi da tsararon koko babu sauran wuri. Akwai haɗin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa a Arewa da ake kira Tom Brown: awo shida na gero ko dawa ko masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne daban, a haɗa a niƙa. Shi ke nan, a riƙa dama wa yaron da ya wuce wata shida. Babu abu ɗaya a ciki da ake shigowa da shi daga waje. Matar nan da na ba ku labari, mijinta yana noma waken suya, da kaka ya sayar da shi tas bai bar ko kwano ba, don a saninsa na masu awara ne da masu kiwon kaji. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu.

Akwai kuma abubuwan da muka gada waɗanda ya kamata mu yi ƙarfin halin ajiyewa. Har yau akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, a ce ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko da jariri ke samu. Har yau ana ɗura wa ɗan kwana bakwai ruwa da jiƙe-jiƙe, alhali shawarar likitoci ita ce nonon uwa zalla har wata shida, kuma binciken 2018 ya nuna jarirai 29 ne kawai cikin ɗari ke samun haka. Har yau ana cewa in yaro ya saba da ƙwai zai yi sata, sai a kwashe ƙwan zabi a kai kasuwa a sayo masa biskit da lemon kwalba. Sau da yawa uwar ta ji bayanin a asibiti, amma ba ita ke da ta cewa ba. Uwar miji ce, ko kaka, ko maigida. Shi ya sa wayar da kan da aka tsayar a kan matan aure kaɗai ba ya zuwa ko'ina.

Mu kuma maza, a gafarce ni, sai na taɓa mu. Mutum ne zai ba da kuɗin cefanen da ko manja da daddawa bai isa ba, da dare ya zauna teburin mai shayi a soya masa ƙwai uku, ya biya ta wurin mai tsire kafin ya shiga gida yana sakace. Matarsa na da ciki wata bakwai, rabonta da ƙwai tun tana gidansu. Binciken nan na 2018 ya samu ƙarancin jini a jikin mata 58 cikin ɗari, da yara ƙanana 68 cikin ɗari. Ƙwai ukun nan da ka ci kai kaɗai, in ka shiga da su gida ka yi aikin da wani kansilan bai yi ba a shekara.

Sai ramin na biyu, wato ajiya. Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano tsakanin Fabrairu da Afrilu ya ga yadda tumatir ke yi a Kura da Kadawa da Kwanar Gafan. Ruwan dam ɗin Tiga ya sa noman rani ya kankama, kaya su fito lokaci ɗaya, kwando ya faɗi warwas, wani manomin ma kuɗin motar kaiwa kasuwa ya fi kuɗin kayan, sai ya bar su a gona. Ƙiyasin da masana suka saba bayarwa shi ne sama da kashi 40 cikin ɗari na tumatirin da ake nomawa a ƙasar nan lalacewa yake kafin ya shiga tukunya. Da damina ta sauka kuma sai ka je 'Yankaba ka ga ana ƙirga maka shi ɗai-ɗai kamar goro. A 2016 aka buɗe katafaren kamfanin sarrafa tumatir a Kadawa, muka yi murna, a shekarar kuma tsutsar tumatir ta cinye gonaki, tun daga nan yana buɗewa yana rufewa. Darasin shi ne kamfani ɗaya, komai girmansa, ba zai ɗauke wa gidaje miliyoyi aikin ajiya ba. Firji kuma kowa ya san labarinsa. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi sama da mako guda babu wuta ko ƙyas, masu firji suka kwashe kaya suka zubar.

Abin takaicin shi ne iyayenmu sun san maganin wannan. Ni na tashi na ga kakata tana yanka tumatir da kuɓewa tana kauɗa, tana shanya kuka da karkashi da yakuwa, tana ajiye wake a cikin toka, tana daddawar kalwa da za ta shekara. Kilishi da bandar kifi da ƙuli-ƙuli da dambun nama duk dabarun ajiya ne kafin su zama abin kwaɗayi. Gidanta bai san watan da babu miya ba. Mu da muka yi boko sai muka ɗauki wannan a matsayin ƙauyanci, muka koma tumatirin leda da ɗanɗanon kanti. Yanzu yarinya za ta gama sakandare a kai ta ɗaki ba ta taɓa ganin yadda ake kauɗa ba.

Ba cewa nake a koma yadda ake yi da ba tare da gyara ba. Shanya a gefen kwalta, inda ƙura da hayaƙin mota da akuya ke bi ta kai, cuta ce. Shanya a ƙasa inda ɓera ke yawo hanya ce ta zazzaɓin Lassa. A ɗaga shanya a kan gado ko tebur, a rufa da raga mai tsabta. Ganye irin zogale a inuwa ake shanya shi inda iska ke ratsawa, don rana mai zafi tana ƙone sinadarin bitamin A da ake nema a cikinsa. Gyaɗa da masara kuma sai sun bushe ƙayau kafin a ɗura a buhu, domin in da laima suna yin fumfuna mai dafi da ke lalata hanta, har ta kai ga ciwon daji, kuma tana cikin abubuwan da ke hana yara girma. Wanda ya yi baƙi ko ya yi ɗaci a tsince a zubar, kada a ce a yi wa yara ƙuli da shi.

Maganar wake ma dole a yi ta. Saboda tsoron ƙwari, wasu na zuba masa fiya-fiya su rufe, mu saya mu ci. Wannan sinadarin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Turawa sun ƙi ci, mu muna ba 'ya'yanmu. Alhali akwai buhun PICS mai ciki uku, leda biyu da buhu ɗaya, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinta suka fara yaɗawa a yankinmu tun 2007. In ka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu, babu ɗigon magani. Jarka mai murfi mai kyau ma in aka cika ta aka toshe tana yin wannan aikin.

Kuma kada wani ya ce dabara sai daga waje. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, shi ya yaɗa tukunya cikin tukunya: ka sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, ka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan na tsanewa, cikin na yin sanyi. Kayan miyan da ke yamushewa a kwana uku sai su kai mako biyu zuwa uku, musamman lokacin rani da iska ke bushe. Wannan aikin ya ci lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, duniya ta san shi. Ku faɗa mini tsakani da Allah, a mazaɓarku gida nawa ke da ita?

To ina ruwan tafiyarmu da duk wannan? Ruwanta da tsaki. A Najeriya babu wata ƙungiya, ta gwamnati ko ta agaji, da ta kai jam'iyyar siyasa shiga lungu. Muna da shugaban mazaɓa, muna da shugabar mata, muna da matasa, muna da ejan a kowace akwati. Ranar zaɓe mun san gidan da tsohuwa take da ba ta iya tafiya, har babur muke aika mata. Wanda ya iya nemo tsohuwa a ƙarshen ƙauye don ƙuri'a ɗaya ba zai ce bai san gidan da yaro ke ƙanjamewa ba. Wannan tsarin muna tashinsa ne wata uku kafin zaɓe, mu kwantar da shi shekara huɗu.

Maƙwabtanmu sun nuna ana iyawa. A Mirya ta jihar Damagaram a Nijar, ƙungiyoyin lafiya sun koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da ɗan zaren awo mai launi uku, aikin da a da sai ma'aikaci. Kore lafiya, rawaya a tashi tsaye, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, a garzaya asibiti, haka ma in ƙafafun yaron sun kumbura. Matan da ba su yi boko ba suka iya, aka riƙa kamo cutar da wuri, yanzu ƙasashe da dama sun kwaikwaya. Shugabar matanmu da ke iya tara mata ɗari biyu da waya ɗaya, awon damtse ne zai gagare ta?

Ga abin da nake roƙo, kuma daga namu nake fara roƙo kafin na waje.

Duk taron mata da za a yi da sunan tafiyar nan, a ware awa ɗaya a gayyato ma'aikaciyar lafiya daga asibitin mazaɓa ta yi bayani, a dama kunun nan a gaban kowa, yara su sha. Mu ba likitoci ba ne, kada wani ya ɗauki lasifika ya fara ba da fatawar magani. Namu tara jama'a da biyan kuɗin mota da kayan gwaji. A gayyato iyayen miji da ungozoma, a kuma nemi liman da mai unguwa su yi wa maza tasu maganar.

Masu riƙe da muƙami a cikinmu, kuɗin da ake kashewa a kwalin taliya da atamfa mai hoto, a karkatar da wani kaso zuwa buhunan ajiya, da gadajen shanya, da injin niƙa ɗaya a mazaɓa, da irin zogale da na dankalin Hausa mai jan ciki da za a dasa a bayan gida. Lokacin arhar tumatir a haɗa mata ƙungiya-ƙungiya a saya musu kwanduna su yi kauɗa mai tsabta, su ci rabi su sayar da rabi da damina. Manomi ya samu mai saye, mace ta samu jari, yaro ya samu miya.

'Yan majalisarmu na jiha kuma su daina tsayawa a kan an sa kuɗin abinci mai gina jiki a kasafi. A tambaya nawa aka saki, ya kuma isa ina. Tallafin ƙasashen waje da muka jingina da shi ya ja baya sosai tun da Amurka ta rage agajinta a 2025. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin N-774 a shekarar don kai wannan aikin kowace ƙaramar hukuma, Kotun Ƙoli kuma tun Yulin 2024 ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To ciyaman ya faɗa mana abin da ya ware. In namu ne ma mu tambaye shi, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sharaɗi ɗaya: kada a tambayi kowa katin jam'iyya. Yaron ɗan adawa da yaronka layi ɗaya suke bi a cibiyar tamowa. Ranar da aka ce sai mai irin hularmu za a koya wa dama kunu, ranar aikin ya mutu, kuma Allah ba zai bar mu ba.

Wani zai ce wannan ba ya kawo ƙuri'a. Ni dai na san macen da aka ceto mata ɗa ba ta mantawa, taliya kuwa kafin a kai ga akwati an cinye. Amma ko da ba ta kawo ko ɗaya ba, matar nan ta yi mana rana, kuma abin da muka ba ta bai kai kwana biyu a gidanta ba. Na koma ƙauyen bayan mako biyu da kwanon waken suya da na gyaɗa, na roƙi wata ma'aikaciyar lafiya ta raka ni. Da ta auna damtsen yaron, ja ne. A ranar aka wuce da shi asibiti.

Shugabannin mazaɓu da shugabannin mata da ke karanta wannan, wa zai fara? Ku rubuta sunan mazaɓarku a ƙasa, mu ga ko za mu haɗa goma kafin tumatir ya fito.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke nauyin da muka roƙa da bakinmu.